Scrabble da Shagon Mai Tireda

Mai tireda na unguwa ba da buhun shinkafa yake ciyar da iyalinsa ba. In ka zauna a bencin ƙofar shagonsa daga hantsi zuwa la'asar, abin da za ka ga yana fita shi ne ashana, ƙullin gishiri, magi na naira 50, sukari na 100, reza ɗaya, batir biyu, rabin sabulun wanki. Buhu kan yi mako yana jingine a lungu ba a ko taya shi ba. 'Yan ƙananan kayan nan da yara ke zuwa saye da kuɗi a dunƙule cikin tafin hannu, su ke juya jari, su ke sa gobe da sassafe ya sake shiga kasuwar Singa ya yo sari. Wanda ya buɗe shago yana jiran mai sayen buhu kaɗai, kafin damina ta faɗi zai mayar wa mai gida makullinsa.

Haka kalmomin Turanci suke a wasan Scrabble, kuma a nan ne yawancin masu farawa ke ɓatan kai. Ɗalibi ya ji an ce wasa ne na sanin Turanci, sai ya ɗauka dogon Turanci ake nema. Ya je ya haddace kalmomi masu haruffa 12 ko 13, irin waɗanda ake burge jama'a da su a muhawarar makaranta, ya zo ya zauna gaban allo yana jiran su yi masa rana. Shiru. Allon gidaje 225 ne, 15 a tsaye 15 a kwance. A cikin jaka akwai ƙwayoyi 100, kowace da harafinta da makinta, in ban da biyu da aka bari ba rubutu. Amma abin da mutum ke riƙe da shi a lokaci guda ƙwaya bakwai ne kacal, a jere kan wani ɗan katako a gabansa. Wannan ɗan katakon shi ne kantarsa. Abin da ke kanta da shi zai yi ciniki, ba abin da ke cikin burinsa ba.

Wanda ya sa wa haruffan farashi wani Ba'amurke ne mai zanen gine-gine, Alfred Butts, wanda ya rasa aiki a shekarun karayar tattalin arzikin Amurka. A 1931 ya fara da wani wasa da ya kira Lexiko, a 1938 ya yi masa allo. Kafin ya yanke farashi sai da ya duba abin da ke tafiya a kasuwa. Ya ɗauki jaridu, har da New York Times, yana ƙirga yawan fitowar kowane harafi. Ya ga E ta fi kowa zirga-zirga, sai ya zuba guda 12 a jaka, ya ba ta maki 1. A da I tara-tara, O takwas, duk a kan maki 1. Q da Z kuwa ɗaya-ɗaya, kowace maki 10. J da X maki takwas-takwas, K maki 5. S tana da yawa a Turanci, amma da gangan ya taƙaita ta zuwa huɗu, domin ya lura in ta yi yawa kowa zai riƙa liƙa ta a ƙarshen kalmar wani yana kwasar riba a ɓagas. Wani mutum mai suna James Brunot ne ya karɓi wasan daga baya, ya raɗa masa suna Scrabble a 1948. Har yau farashin Butts ake bi.

To, ashana da gishirin wannan shago su ne kalmomi masu haruffa biyu. A ƙamus ɗin Collins, wanda shi ake amfani da shi a gasa a Nijeriya da mafi yawan ƙasashen duniya, bugun 2019 yana da irin waɗannan guda 127. Mutum na iya haddace su cikin 'yan kwanaki, kuma babu wani karatu a wasan nan da ya kai shi saurin biyan wahala. Dalili shi ne, su ke ba ka damar shimfiɗa kalma a jikin wata, gefe da gefe, maimakon ka ratsa ta. Ɗauki misali: kalmar HOME tana kwance a allo, kai kuma kana da A da X da E. In ka ajiye AXE, wato gatari, a wani fili can, maki 10 za ka samu. In ka kwantar da ita daidai ƙarƙashin haruffa uku na farkon HOME, sai A ta haɗu da H ta ba da HA, X ta haɗu da O ta ba da OX, E ta haɗu da M ta ba da ME. Yanzu kalma huɗu aka biya ka, maki 28, da ƙwayoyi ukun nan dai, ba tare da ka hau ko gida ɗaya mai ninki ba. Wanda bai san ƙananan kalmomi ba, ko gurbin ba zai gani ba.

Kuma kowace a cikinsu tana da asali, ba haruffa ne aka harhaɗa don wasa ba. QI kalma ce daga Sin, tana nufin ƙarfin rai da masu maganin gargajiyarsu ke cewa yana gudana a jikin mutum. XU ƙaramin kuɗi ne na Biyetnam, kamar kwabo a wurinmu. XI harafi ne na Girkanci. AA daga tsibiran Hawai ta fito, suna ne na narkakken dutsen da aman wuta ya zubar ya daskare da kaushi. ZO dabba ce ta tsaunukan Tibet, barbarar saniya da wata irin bauna mai dogon gashi da suke kiwo. ZA gajarta ce ta sunan fiza, gurasar nan ta Italiya. JO masoyi ne a bakin mutanen Sikotlan, KY kuma shanu ne a wurinsu. In mutum ya yi mamakin yawan kalmomin Sikotlan a jerin, dalilin a fili yake: ƙamus ɗin Chambers, wanda a da a birnin Edinbara ake buga shi, shi ne alƙalin wasan a Birtaniya shekaru da dama, kuma jerin Collins ya gaji kayansa.

X kaya ce mai albarka, domin babu wasalin da ba ta tafiya da shi: AX, EX, OX, XI, XU. In ka ɗora ta a gidan da ke ninka harafi sau uku, kuma ta yi kalma a kwance ta yi a tsaye, maki 50 ke nan daga ƙwaya ɗaya. Q ta fi haka. QI a kwance da QI a tsaye a kan irin wannan gida maki 62 ne. Sau da yawa na ga mai farawa ya zaro X daga jaka ya ɓata rai, yana ganin an haɗa shi da wahala, alhali abin da ya fi komai saurin fita a shagon ne ya faɗo hannunsa.

Sai dai kowane shago yana da kayan da ke yin kwantai. Akwai kwalin da mai tireda ya saro da tsada yana ganin riba, ya yi wata uku a saman kanta yana shan ƙura, ya tare wuri, ya riƙe kuɗi. A Scrabble, V tana cikin irin wannan: babu kalma mai haruffa biyu ko ɗaya da ke ɗauke da ita. Amma babbar mai kwantai ita ce Q a hannun wanda bai san QI ba. An koya mana a makaranta cewa Q ba ta tafiya sai da U a bayanta, ga shi U huɗu ne kacal a cikin ƙwaya 100. Sai mutum ya zauna yana jiran U, zagaye bayan zagaye, yana wasa da gurbi shida maimakon bakwai. In wasa ya ƙare tana hannunsa, a cire masa maki 10 a ƙara wa abokin karawarsa, tazarar 20 ke nan a banza. Doka ta yarda mutum ya mayar da haruffa jaka ya ɗebo wasu, amma zagayensa ya tafi. Wannan shi ne karyar da kaya, kuma wani lokaci shi ne daidai, domin gara a yi asara kaɗan jari ya motsa da a rungume kwali ana kallonsa.

A nan Bahaushe yana da wani fifiko da bai san yana da shi ba. Kalmomin Turanci da ke ɗauke da Q ba tare da U a bayanta ba, da yawansu daga Larabci aka aro su, kuma mu mun riga Bature saninsu. QADI shi ne alƙali. QIBLA ita ce alƙibla. NIQAB niƙabi ne, WAQF waƙafi, FIQH fiƙihu, FAQIR faƙiri, QASIDA ƙasida, TALAQ kuma sakin aure. Duk Collins ya karɓe su. Ɗan wasa a Landan sai ya zauna ya haddace su kamar lambar waya, alhali yaron da ya yi makarantar allo ko Islamiyya ya san ma'anarsu tun kafin ya iya rubuta sunansa da boko. Abin da ya rage masa kawai shi ne yadda Bature ya rubuta su. Har da QAT, ganyen nan da ake taunawa a Yaman da Somaliya da Habasha. Mai waɗannan a ka, Q ba ta kwana a kantarsa.

Wani abu da mai tireda ya sani, wanda sai an daɗe a wasan ake ganewa, shi ne cewa cinikin yanzu ba shi kaɗai ne abin dubawa ba. Me ya rage a kanta bayan mai saye ya tafi? In ya sayar da sukarinsa kaf ga mutum ɗaya don ya ga kuɗi a dunƙule, duk mai zuwa sayen ganyen shayi da yamma zai wuce shagon gaba, domin a can zai samu duka biyun. Haka ɗan wasa: in ya zubar da wasulansa duka ya bar baƙaƙe zalla, ko ya bar U biyu da I biyu, zagaye na gaba zai zauna hannu rabbana. Wasula 42 ne a jaka, baƙaƙe 56. Gwanaye kan so su bar kansu da cakuɗe mai kyau, kuma sukan haƙura da maki 5 ko 6 a yanzu don su riƙe haruffa irin su E, R, S, T, N, A, I. Ba sa kashe S a kan ƙaramar riba, balle ƙwaya marar rubutu, wadda ba ta da maki ko ɗaya amma tana zama duk harafin da ka ga dama.

Abin da suke tanadi dominsa shi ne garaɓasar maki 50 da ake ba wanda ya zubar da ƙwayoyinsa bakwai a zagaye ɗaya. Wannan shi ne ranar da aka zo sayen buhu. Haruffan nan bakwai da na lissafa, masu maki ɗaya-ɗaya, suna ba da kalma 11 a Collins. Akwai RETAINS, yana riƙewa. Akwai RETINAS, tantanin da ke can bayan ƙwayar ido mai karɓar haske. Akwai NASTIER, mafi muni, da STAINER, mai rini ko mai sa tabo, da RETSINA, wani ruwan inabi na Girka, da STEARIN, wani kitse da ake yin kyandir da sabulu da shi. Kaya masu arha ne ke kawo babban ciniki. Saboda haka ba cewa nake yi a raina dogayen kalmomi ba. Mai shago yana son mai sayen buhu, har ma yana ajiye buhun dominsa. Abin da ba ya yi shi ne ya kori yaron da ya zo sayen ashana.

A watan Nuwamba na 2015, a birnin Perth na Ostireliya, Wellington Jighere, ɗan jihar Delta, ya doke Lewis Mackay na Ingila da ci 4 da nema a wasan ƙarshe, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kofin duniya na Scrabble na Turanci. Shugaban Nijeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya kira shi a waya ya taya shi murna. A shekarar da ta biyo, jaridar Wall Street Journal ta rubuta cewa sirrin 'yan Nijeriya shi ne fifita gajerun kalmomi, domin suna toshe wa abokin karawa hanya kuma suna barin haruffa masu kyau a hannu. Wasu masanan wasan sun ce an yi wa labarin gishiri, kuma suna da hujja, domin a wasan ƙarshen nan Jighere ya zuba kalmomi masu haruffa takwas irin su MENTORED da AVOUCHED da FAHLORES, wadda ke nufin wani dutsen ma'adini mai tagulla a ciki. A ganina ɓangarorin biyu abu ɗaya suke kallo daga kusurwa daban. Gajeren ciniki mai tsafta shi ke share wa dogon hanya.

Yanzu ga tambayar da ta fi damuna, wadda ita ta sa na ɗauki alƙalami. Shin dole ne mutum ya san ma'anar kalmar da ya ajiye?

A doka, a'a. In ka ajiye kalma abokin wasanka ya yi shakka, ba wanda zai ce ka fassara. Za a duba jeri ne, a gasa ma kwamfuta ake tambaya, ta ce akwai ko babu. In babu, ka kwashe haruffanka zagayenka ya wuce. In akwai, a yawancin gasannin da ke bin Collins a ƙara maka maki 5 saboda an tuhume ka a banza. Kuma akwai mutumin da ya nuna wa duniya iyakar inda hadda zalla ke kai mutum. Nigel Richards, ɗan Niyu Zilan da ke zaune a Maleshiya, ya ci kofin duniya na Turanci sau biyar, a 2007, 2011, 2013, 2018 da 2019. A watan Yuli na 2015 ya je Beljiyam ya ci kofin duniya na Scrabble na Faransanci alhali ba ya jin Faransanci. Ya haddace jerin kalmominsu ne cikin kimanin mako tara. A 2024 ya maimaita haka da Sifaniyanci a birnin Granada. Kafin wannan ma, 'yan Tailan biyu, Panupol Sujjayakorn a 2003 da Pakorn Nemitrmansuk a 2009, sun ci kofin Turanci ko da yake ba shi ne harshen gidansu ba. Ba na raina wannan ko kaɗan. Baiwa ce da naci, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin haddace shafi ɗaya na kalmomin da bai sani ba zai jinjina musu.

Amma Richards ɗaya ne a duniya. Sauranmu irin mai tireda ne na unguwa, kuma mai tireda da farashi kaɗai ya sani bai gama sanin sana'arsa ba. Yarinya za ta zo ta ce, "Malam, wai in ji Umma, a ba ta abin da ke fitar da tabon manja a farin yadi." Ba ta zo da sunan kaya ba, buƙata ta zo da ita. Wanda ya san amfanin abin da ke kantarsa zai miƙa hannu ya ɗauko. Ya kuma san me ke tafiya da me: mai sayen tocila zai nemi batir, mai sayen allura zai nemi zare, kananzir kuwa ba a jera shi kusa da garin fulawa.

Kalma ma tana da abin da take tafiya da shi da abin da ba ta haɗa hanya da shi, kuma ma'anarta ce ke gaya maka. Rabin cinikin Scrabble a kan ƙari yake, wato ka liƙa harafi a gaba ko bayan kalmar da ke allo. QI suna ne, tana karɓar S, ta zama QIS. ZO da ZA da AA duk haka. XU kuwa, ko ɗaya ne ko dubu XU ake cewa, saboda haka ba ta karɓar S. KY ta riga ta zama jam'i, shanu ne ba saniya ba, wanda ya ƙara mata S ya yi asarar zagayensa. CH tsohuwar hanya ce ta cewa "ni" a wani yanki na Ingila, wakilin suna ne, ba shi da jam'i irin wannan. AH da OH kuma, mutum zai ɗauka motsin rai ne kawai, amma ƙamus ya lissafa su a matsayin aikatau, cewa "ah" da cewa "oh", don haka AHED da OHING duk sun halatta. Wanda ya haddace haruffa zalla, sai ya sake haddace wani jeri dabam na waɗanda ke karɓar S da waɗanda ba sa karɓa. Wanda ya san KY shanu ne, sau ɗaya ya yi aikin.

Kuma ma'ana tana sa kalma ta zauna. Kwali marar rubutu a saman kanta, bayan wata biyu mai shagon kansa sai ya buɗe kafin ya tuna abin da ke ciki. Haruffa biyun nan Z da O, in ba su da komai a bayansu, gobe za ka tsaya kana tunanin ZO ce ko OZ. In ka taɓa ganin hoton dabbar da kaya a bayanta tana hawan dutse, shi ke nan ta zauna.

Inda sanin ma'ana ya fi fito da ribarsa a fili shi ne a kan sunaye. Doka ta hana sunan mutum da na gari da na ƙasa. Ba a ajiye KANO, ba a ajiye NIGERIA. Amma CHINA ta halatta, domin da ƙaramin baƙi tana nufin tangaran. TURKEY talo-talo ne. JAPAN wani baƙin fenti ne mai sheƙi. CHAD kuma ɗan guntun takardar da ke faɗowa in an huda kati, kalmar da ta cika jaridun Amurka a zaɓen 2000, lokacin da aka yi ta jayayya a kan ƙuri'un jihar Fulorida tsakanin George Bush da Al Gore. Wanda bai san haka ba zai riƙe waɗannan haruffa a hannu yana ganin haramun ne, ko kuma ya tuhumi wanda ya ajiye su ya yi masa kyautar maki.

Wadda ta fi taɓa ni a cikinsu ita ce MOROCCO. A ƙamus tana nufin wata lallausar fatar akuya da Turawa ke yi wa littattafai masu daraja bango da ita. Kaso mai yawa na wannan fata daga ƙasar Hausa ya fito, daga jar akuyar Sakkwato, ta hannun majemanmu na Kano da Sakkwato. Ayarin raƙuma ya ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, Turawa suka saya a can, suka kira ta da sunan inda suka same ta. Haruffa bakwai ce cif, ko da yake in ba ka da ƙwaya marar rubutu sai ka haɗa C ɗin nan biyu da ke jaka kafin ka yi ta. In Allah ya ba yaro Bahaushe sa'ar ajiye ta, ina so ya san cewa aikin kakanninsa ya shimfiɗa a allo, ba maki 63 kawai ya ci ba. Haka DASHIKI, ita ma bakwai, maki 65 da garaɓasarta: ƙamusoshin Turanci sun ce daga Yarbanci ta shigo, Yarbawa kuma daga ɗan ciki na Hausa suka ɗauka. NAIRA da KOBO suna nan, da CEDI ta Gana, da EMIR, da HARMATTAN, hunturunmu.

Saboda haka nake ganin a gida da makaranta ya kamata a ƙara wata ƙa'ida da babu ita a takardar da ke cikin kwalin wasan. Duk wanda ya ajiye kalmar da wani a wurin bai sani ba, ya faɗi ma'anarta. In shi ma bai sani ba, a buɗe ƙamus tare, ba tara ba horo. Ƙaramin yaro ya ce, "Yaya, mene ne ZA?" a tsaya a ba shi amsa kafin a ci gaba. A gasa agogo ke gudu, minti 25 kowane ɗan wasa ke da shi, babu lokacin wannan. A tsakar gida bayan isha'i kuwa babu mai korar kowa. Gaskiya ne ZO da XU ba za su fito wa ɗalibi a jarrabawar WAEC ba. Amma RETAIN za ta fito, MENTOR za ta fito, kuma ɗabi'ar tsayawa a tambayi kalma ko ke wace ce, ita ke bin yaro har cikin aji. Wanda ya saba da haka, in ya koma kan wasan cike gurbi na jarida, irin wanda Arthur Wynne ya fara bugawa a jaridar New York World a watan Disamba na 1913, zai tarar ya riga ya yi guzuri, domin a can ma'anar ake ba ka a ce ka nemo kalmar.

Abu ɗaya ya rage, kuma shi ke yawan haddasa gardama a tsakanin abokai. Mudun kasuwa ba ɗaya ba ne. Kamfanin Hasbro ke da wasan a Amurka da Kanada, Mattel ke da shi a sauran duniya, kuma jerin kalmomin ma biyu ne. Na Arewacin Amurka ya fi ƙanƙanta. Collins ya haura kalmomi 270,000. QI da ZA da XU da JO suna cikin duka biyun, amma ZO da CH da KY a Collins kaɗai suke. Sai mutum ya saba da wani wasan waya da ke bin jerin Amurka, ya zo kan allo ya rantse cewa babu ZO, abokinsa ya rantse akwai, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa. Tun kafin a zura hannu a jaka ya kamata a yarda da ƙamus ɗin da za a bi, har da shekarar bugunsa, domin jerin yana canzawa. Kafin 2019 kalmomi masu haruffa biyu 124 ne a Collins. A bugun wannan shekara aka ƙara uku, ciki har da EW, abin da Bature ke faɗa in ya ga abin ƙyama, da OK, wadda shekara da shekaru kowa ke furta ta amma allo yana ƙin karɓarta.